Gadon Tana

Hermelinda ba ta bar mini fili ba,
ba ta bar zinariya ba, ko ta kunne.
Duro ta bari, shuɗi, mai hudoji a gindi,
a kan rufin gidanmu, can saman Bogota,
inda unguwa ke rataye a wuyan dutse
kamar shanyar da aka manta a igiya.

Kwana tara da binne ta na ɗaga murfin.
Tana ce. Jajaye, sirara, dubu ko fi,
suna juyi cikin ɓawon dankalin
da hannunta ya fere ran Talatar ƙarshe.
Na mayar da murfin, na zauna kan bokiti.
Ba wanda ya sanar da su.

Ni direban bas ne, shekara talatin da ɗaya.
Na san kukan birki, ban san yaren ƙasa ba.
Na juye musu romon jiya, da ƙashi, da man suya,
na ce ku ci, gidan makoki ne.
Kafin Lahadi wari ya sauka hawa biyu,
ƙudaje suka zo ta'aziyya, suka ƙi tafiya.

Amparo ta hawan ƙasa ta hau da tsintsiya:
"Belisario, gawa kake ɓoyewa?"
Sai ta tuna. Ta kama baki.
Ta naɗe hannun riga, ta tsince ƙasusuwan,
ta yayyaga kwalin ƙwai ta lulluɓe.
"Ɗanye ɗaya, busasshe biyu. Ba nama, ba mai.
Damshinsa kamar tsumman da aka matse.
Shekara nawa kana kwana kusa da matar nan
ba ka taɓa kallon hannunta ba?"

Ban amsa ba.
Washegari na je wurin mai shayi a tasha
na roƙi tukar kofin da yake zubarwa.
Asabar, bayan kasuwa ta watse,
ni ne tsohon da ke tsintar ganyen kabeji.
Yara suna dariya. Su yi.
Baki dubu ke jirana a sama.

Wata uku. Na tura hannu har gwiwa,
na ciro baƙa, mai laushi, mai sanyi,
ƙamshinta na ruwan farko kan turɓaya.
Na cika tsohuwar taya, da jarka rabi,
da takalmanta na roba, duka biyun.
Albasa a na dama, latas a na hagu,
wake na bin wayar eriya,
tumatir yana ta shawara da sanyi.

Ran wata Alhamis ƙanƙara ta sauko.
Minti goma.
Latas ya koma tsumma, wake ya karye a ƙugu.
Na zagi sama da kalmomin tasha,
na kwashe ganyen na kai wa tana.
A wurinsu babu asara, sai kalaci.

Ana haka wani abu ya leƙo ta gefen taya,
ganye mai faɗi, mai ƙaiƙayi, ban shuka shi ba.
Kabewa. Ni ban sayi kabewa ba tun da ta tafi.
Ƙwayar da ta watsar ce, ta yi zamanta a duhu,
ta jira.

Ta tsallake katanga ba sallama,
ta bi bututun ruwa ta gangara,
ta haihu a tagar Amparo,
ƙatuwa ɗaya, rawaya, kamar kan jariri.
Mun yi gardamar mai ita har kwana uku.
Ta ce tagarta, na ce takina.

Yau da rana yaronta ya ƙwanƙwasa:
miya a kwano, da zafinta,
da leda a ɗaya hannun, ɓawo da 'ya'ya.
"Wai kwanon naka ne,
ledar ta su."